Shekarar da Na Ƙi Zama Malamin Masu Tama

Garinmu ba ya ɓoyuwa. Matafiyin da ya taso daga Birnin Gwari ya kutsa cikin daji, tun kafin ya hango ganuwarmu zai hango hayaƙi, tun kafin ya ji muryar mutum zai ji ƙarar masabar maƙera. Ban san wanda ya fara sarar wurin ba. Tsofaffi sun ce tama, dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe, ita ce ta tara mu, ni kuwa ban ga dalilin musa musu ba, domin ƙasar ba ta da wani kirki ga dawa, ruwan rijiyoyinmu ma ja ne, yana ɗanɗanon tsatsa.

Bayan gari ta gabas ramuka ne, kamar rijiyoyi, inda ake shiga a haƙo tama. Ta yamma kuma murahun narka ta ne a jere, na yumɓu, kowanne ya fi mutum tsawo, da bututai a gindinsa inda iska ke shiga. Da zarar an gama girbi sai garin ya zama wuta har faɗuwar ruwa. Maza na cikin rami ko suna daji wurin ƙona gawayin itacen ƙirya, mata na zaune a inuwa suna fasa tama da dutse, matan Gwari na shigowa a jere da kayan gawayi a kafaɗa. Kashin tama, wato dattin da ke saura bayan narka, ya taru har ya zama tuddai, a kansu muka yi wasa muna yara, shi ya sa ba ka samun ɗan garinmu da tafin ƙafarsa bai da tabo. Fatake na zuwa da jakuna su loda ƙarfe su nufi Zazzau da Katsina. Fulani kuma ba sa son kusantar mu da shanu, sun ce hayaƙin na sa su tari, amma in suna son wuƙa ko kan kibiya sun san hanya.

Gidanmu na da rami ɗaya da murhu ɗaya, tun kakana. Na yi aikin tare da babana har na fara zama saurayi, na iya bambanta tama mai nauyi da dutsen banza, na iya jera gawayi. Sannan ya tura ni Zazzau karatu, ya ce yayana ya isa ya riƙe murhu. Na daɗe a can. Na sauke Alƙur'ani, na bi littattafan fiƙihu da nahawu gwargwadon abin da kaina ya ɗauka, har malamina ya naɗa mini rawani ya ce in je in karantar. Ba zan ce na yi zurfi ba. Akwai waɗanda muka zauna tare da suka fi ni nesa ba kusa ba. Abin da na sani dai ban taɓa tsallake layin da ban gane ba, kuma wannan hali ya sa ni jinkiri a komai.

Ina shirin tahowa saƙo ya same ni cewa ciwon da ya ratsa garin da damina ya ɗauki babana da yayana, ɗaya bayan ɗaya. Na iso bayan girbi, na tarar da gidan ya rage sai mata da ƙananan 'ya'yan yayana, da Gwaggo, yayar babana, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Ita ce ke riƙe da komai. Ɗanta kuma, taubashina, yana ƙira a bakin kasuwa. Ranar da ya gan ni da rawani ya zagaya ni yana dubawa, ya ce a taimaka a nuna masa inda kan yake a cikin wannan ƙunshin.

A garinmu akwai ƙa'ida game da rami, kowa ya san ta. Rami na gida ne muddin gidan yana fitar da ƙarfe. In rani ya wuce har ruwa ya sauka, murhun gida bai ba da ƙarfen da za a ƙera fartanya da shi ba, ramin ya koma hannun sarkin tama, shi ne shugaban masu narka, ya ba wanda ya ga dama. Kuma dole ɗan gidan ne zai kunna wutar da hannunsa, ba ɗan 'ya mace ba, ba baƙo ba. Wato a gidanmu ni kaɗai na rage.

Ban gama karɓar gaisuwa ba sarkin tama ya aiko kirana. Na same shi a zaurensa da dattawan masu narka. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu kusa da shi, abin da ban taɓa gani an yi wa babana ba. Ya yi ta'aziyya, ya yabi karatuna fiye da yadda ya cancanta, sannan ya kawo maganar. Malamin masu tama ya rasu a wannan ciwon, shi ne wanda ke zagaya murahu yana yi musu addu'a kafin a sa wuta. Ya ce Allah ya kawo musu nasu na gida, ɗan tama jikan tama, ga rawani. Kowane murhu zai fitar mini da rabo daga ƙarfensa, ba zan ƙara shiga rami ba, ba zan ƙara shaƙar hayaƙi ba. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Na yi godiya, na ce a ba ni kwanaki in yi tunani, domin ban saba amsa abu nan take ba.

Gaskiya na fito zauren raina fari. Sai da na isa gida na faɗa wa Gwaggo. Tana zaune tana fasa ragowar tamar da babana ya haƙo, ba ta ɗaga kai ba.

"An girmama ka," in ji ta. "To ramin fa, wa aka ce za a ba?"

Na ce ba a yi maganar rami ba. Ta ajiye dutsen ta dube ni.

"Ɗan nan, malamin masu tama ba ya da murhu. Tun fil azal. Sun ce wanda ke roƙa wa kowa ba zai yi nasa ba, kada bakinsa ya fi zaƙi a kan wutarsa. Ka manta ne, ko ba a karanta wannan a Zazzau?"

Na manta. Ina yaro na sha ganin tsohon malamin nan yana wucewa da sandarsa, ban taɓa tambayar dalilin da ya sa gidansa ba hayaƙi ba. Gwaggo ba ta ce in karɓa ba, ba ta ce in ƙi ba. Ta dai ce rabon da za a ba ni zai ciyar da gidan muddin ina raye, amma rawani ba a gadonsa kamar rami. 'Ya'yan yayana za su tashi su tarar ba su da inda za su haƙa, sai dai su ɗauki kaya a murhun wani. Ta ɗauki dutsenta ta ci gaba da fasa.

Ba zan ce sarkin tama mugunta ya nufa ba. Na juya abin a raina shekaru, har yanzu ban yanke ba. Wataƙila da gaske ya ga ya yi mini gata, ya ga hannun da ya saba da alƙalami ba zai iya da diga ba. Amma kowa a garin ya san ramin kakana na cikin masu kyawun tama, kuma kowa ya san akwai ɗan ƙanensa da ya girma ba shi da rami. Allah ne masanin zukata. Ni dai abin da na gani ke nan.

Na yi kwanaki ina kai da kawo. Ina tsoron a ce na raina girmamawar manya. Ina tsoron in ƙi, kuma in kasa fitar da ƙarfe, in rasa duka biyun. Na duba cikin abin da na karanta ko akwai inda aka hana mai ilimi sana'ar hannu, ban samu ba, ko da yake ban karanta komai ba. Ranar da na koma zauren, buzun na nan a shimfiɗe. Ban hau ba, na zauna a ƙasa inda babana ke zama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode da abin da aka yi nufi da ni. Amma ba zan karɓa ba. Zan kunna murhun babana."

Sarkin ya yi murmushi ya ce, "Malam, wuta ba ta san rawani ba."

Na ce na sani, shi ya sa zan tuɓe shi in rataye.

Wani dattijo ya ce ashe karatun bai koya mini kunya ba. Wani ya ce a bar ni, ruwa zai raba gardama. Sarkin ya ce ba wanda zai hana ni haƙƙina, rami nawa ne har ruwa ya sauka.

Haka kuwa aka yi, ba wanda ya hana ni komai. Sai dai ba wanda ya ba ni komai. A al'ada masu narka na taimakon juna, yau a ja igiya a raminka, gobe a nawa. Ni in na je neman hannu sai in tarar kowa na da uzuri. Ƙirya ta riga ta yi nisa, domin murahun garin sun cinye ta kusa tun zamanin kakanni, kuma 'yan kurmin da suka rage an riga an raba su, aka ce rabon gidanmu ya shiga na wasu tun da ba a san zan dawo ba. Sai da na nausa daji ta wajen Damari kafin na sami itacen da ba mai shi. Can na sara, na tara, na rufe da ƙasa na ƙona. Gwaggo na da ƙawa cikin matan Gwari, tun suna 'yan mata suke musayar gishiri da doya. Ita ta tattaro 'yan'uwanta suka kwaso mini gawayin. Da na ce ban san da me zan saka musu ba, matar ta ce da Hausarta mai karyewa, in na yi fartanya ita ce ta fari.

Taubashina shi ya riƙe mini igiya a bakin rami. Yakan rufe maƙerarsa da hantsi ya zo, bakinsa bai taɓa hutawa ba. In na daɗe a ƙasa sai ya leƙo ya ce ko na tsaya duba hukuncin kowane dutse ne kafin in sa a kwando. In kwandon ya fito da sauƙi ya ce wannan ai tamar malamai ce, ta yi azumi. Hannuna suka fashe, suka warke, suka sake fashewa. A ƙasan ramin akwai wani lungu da babana ya bi jijiyar tama har ya zama sai da rarrafe, kuma duk shigar da na yi sai na tsaya ina duban rufin, ina lissafin ko zai riƙe. Ban daina jin tsoron nan ba ko sau ɗaya. Na dai ci gaba da shiga.

In na bi ta layin murahu da kwando a ka, samari kan bar aikinsu su gaishe ni da babbar murya, Allah gafarta malam, a taimaka mana da fatawa, baƙin fuskar nan tawada ce ko gawayi. Nakan amsa gaisuwar yadda aka yi ta, in wuce. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya matsa, na tsaya na ce masa gawayi ne, kuma na ƙirya, in yana son ganin inda ake samunsa ya biyo ni gobe da gatari. Bai biyo ba.

Da lokacin sa wuta ya yi, aka ɗauko wani malami daga Birnin Gwari. Aka zagaya da shi murhu murhu, yana tofa addu'a, ana shafawa. Ina tsaye gaban nawa, na share wurin, na jera gawayi da tama hawa hawa yadda na tuna. Da suka iso daidai ni, sai mai yi masa jagora ya ja hannun rigarsa suka karkata ta bayan tudun kashin tama suka wuce. Ban ga laifin malamin ba, baƙo ne, inda aka nuna masa nan ya bi. Na bi su na tambayi sarkin tama ko mantuwa aka yi. Ya ce ba mantuwa ba ce, ai ni malami ne, an ji nauyin a kawo wani ya yi addu'a a gabana. Amma kuma in tuna, mutum ba ya yi wa murhunsa.

Wato ba za a yi mini ba, kuma ba zan yi wa kaina ba, murhu kuwa ba a kunna shi ba addu'a. Ni mutum ne mai son in ce wataƙila kafin kowace magana. Ranar nan ban ce ba.

"Ranka ya daɗe, na ƙi rawanin garin nan, don haka ni ba malaminku ba ne, mai murhu ne. Ban san littafin da ya hana mai wuta ya ambaci Allah a kan wutarsa ba. In akwai, a kawo in gani."

Na koma, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, na yi bisimilla, na roƙa wa murhuna, na roƙa wa kowane murhu da ke wurin har da na sarkin, sannan na sa wuta. Gwaggo da ke tsaye nesa inda mata ke tsayawa ta shafa. Ita kaɗai na gani, amma ban duba sosai ba.

Wannan wutar ba ta ba da komai ba. Da aka fasa bakin murhun washegari, abin da muka jawo kashi ne baƙi mai ƙyalli, da 'yan tsaki-tsakin ƙarfe da ba su cika tafin hannu ba. Bututai biyu sun tsage a ciki, iska ta bi inda ba a so. Ina jin ban bar su sun bushe sosai ba, ko kuma yumɓun ne, ban tabbata ba. Mutane suka taru suna kallo, ba wanda ya yi dariya a fili, sai dai na ji ana cewa ga abin da ake faɗa. Har taubashina ya ajiye tsokana ranar.

Bazara ta riga ta shigo. Zafi ya yi tsanani, da yamma hadari na taruwa ta gabas ya watse. Sarkin tama ya aiko a gaya mini buzun na nan, malamin Birni ba zama ya zo yi ba, kuma ba wanda zai tuna abin da ya wuce. Na ce a gaishe shi, a ce masa ruwa bai sauka ba tukuna.

Na sake ɗebo ƙasar suri na kwaɓa da kaina, na gina sababbin bututai, na ajiye su a inuwa ina juya su kullum, ina duban sama ina duban su. Raina na cewa in sa su haka nan, na ƙi. Gawayin da ya rage bai kai na cika murhu ba, tamar ma haka. Gwaggo ta zauna ta tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta yi mata nauyi a hannu ba ta jefar, har abin ya koma ɗan tsibi da na ji kunyar a gani. Na yi addu'ata kamar farko, da murya kamar farko, na sa wuta. Harshen da ya fito ta saman murhun ya fara ja, ya daɗe a ja, sannan ya koma shuɗi. Na san babana na son ganin wannan, amma ban yarda na yi murna ba.

Dunƙulen ƙarfen da muka jawo bai fi kan ɗan akuya ba. Wasu murahun na fitar da wanda sai mutum biyu sun ɗauka. Amma da ya huce muka buge kashin da ke jikinsa, ya rage da nauyi.

Ƙa'ida ita ce maƙerin da sarki ya zaɓa shi zai gwada, don haka ba taubashina ba ne, wani tsoho ne mai ido ɗaya. Aka taru a maƙerarsa da hantsi, sama ta yi baƙi, iska na ɗaga toka. Tsohon ya sa dunƙulen a wuta, ya buga, ya ninke, ya sake bugawa. Duk bugun da ya yi sai wani abu ya fantsama, dunƙulen na raguwa, ni kuma ina lissafin abin da zai saura. A ƙarshe ya fito da ruwan fartanya ƙarami, irin wanda ake ba mata, da 'yar tsaga a gefe guda. Ya sa mata ƙota ya ajiye a gaban sarki.

Wani daga cikin dattawa ya ce wannan ai ba fartanya ba ce, cokali ne. Wani ya nuna tsagar. Na ga maganar za ta tafi a haka, a yi ta ja har ruwa ya sauko a kanmu. Na ɗauki fartanyar na miƙa wa sarkin tama da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kai ka sara da ita. Ba a nan cikin toka ba, can waje kan dutsen marmara. In ta karye, ramin naka ne, ba zan ƙara magana ba."

Taubashina ya taka mini ƙafa. Na san na faɗi abin da ba a nema daga gare ni ba, kuma ban san ko za ta riƙe ba.

Sarkin ya dube ni. Ya tashi ya tattare rigarsa, muka bi shi waje. Tsoho ne amma hannun mai narka ne, kuma bai sassauta ba, wannan zan shaide shi. Ya sara har wuta ta yi tartsatsi. Ya sake, ya sake. Ya ɗaga ta ya duba. Bakin ya ɗan lanƙwashe, tsagar na nan inda take, ba ta ƙaru ba. Ya shafa da babban yatsa, ya miƙa wa mai ido ɗaya, shi ma ya shafa.

"Fartanya ce," in ji sarkin. Ya juya zai tafi, sannan ya tsaya. "Baɗi ma akwai rani, Malam."

Na ce in Allah ya kai mu, zai same ni a bakin ramin.

Ban tsaya karɓar barka ba, ko da yake ba su da yawa. Murhun na buɗe, kuma yumɓu mai zafi in ruwa ya dake shi tsagewa yake yi. Ni da taubashina muka ruga gida muka ciro zana daga dangar bayan ɗaki, muka ɗauko ta a ka, yana zagina a hanya kan maganar marmara. Muna cikin ɗaure ta ɗigon farko ya fara sauka.